Khartum da Omdurman: abin da ke hana sabar VPN ta gida aiki idan rauta biyu ce a gidan

Tun bayan da rundunar sojin Sudan ta karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris na 2025, daga bisani ta sanar da kammala ƙwace jihar Khartum a watan Mayu, jama'a ke ta komawa gidajen da suka bari sanadin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Sai dai ba kasafai gida ke komawa gaba ɗaya ba. Galibi magidanci ko babban ɗa ne ke fara zuwa ya duba abin da ya rage, ya gyara ƙofa, ya nemo ruwa, alhali iyali na Gadarif ko Port Sudan, wasu na Alƙahira ko Jidda, wasu ma sun kai Njamena da Kano. Hausawan Sudan, waɗanda kakanninsu da dama suka yada zango a kan hanyar Makka suka zauna, sun daɗe da sabawa da dangi a ƙasashe uku ko huɗu. Yaƙin ya ƙara warwatsa su ne kawai.

Waya ce ta riƙe waɗannan iyalai, ita ma kuma ba a bar ta ta huta ba. Daga ranar 25 ga Yulin 2025 hukumar kula da sadarwa ta Sudan ta taƙaita kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp, bisa dalilan tsaro kamar yadda ta ce. Mutanen ƙasar ba baƙi ba ne ga VPN. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa Oktoban 2017 ya sa shafuka da manhajoji da yawa na ƙin buɗewa ga duk wanda ya shigo da adireshin Sudan, sannan a Disamban 2018, lokacin zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Omar al-Bashir, an toshe Facebook da Twitter da WhatsApp har tsawon makonni. Akasarin mutane manhajojin kyauta suke saukewa. Amma a kusan kowane dangi akwai matashi ɗaya mai ɗan sanin kwamfuta da ke tunanin kafa sabar VPN ta gidansu, wadda babu wani kamfani a tsakani. Ya sayi ƙaramar na'ura, ya bi bidiyon koyarwa daki-daki, ya aika wa yayansa da ke Jidda makulli, sai shiru. Sau da yawa babu kuskure a saitin sabar. Matsalar tana ga rautar da ke gaban tasa rautar.

Wane gefe za a ajiye sabar?

Wannan tambaya ce ya kamata a fara amsawa kafin a kashe ko fam ɗaya. VPN bututu ne rufaffe tsakanin na'ura biyu: duk abin da wayar mutum ta aika yana bi ta cikinsa har inda sabar take, daga can ya fita duniya. Idan sabar tana wani gida a unguwar Thawra ta Omdurman, wanda ke Jidda zai zama kamar yana zaune a wannan falon. Zai ga kyamarar da aka kafa a ƙofar gida, zai shiga kwamfutar shago ya duba lissafi, shafukan intanet kuma za su ɗauke shi a matsayin wanda ke Sudan. Duk wata toshewa da ke kan layin Sudan ita ma za ta hau kansa. Idan kuwa buƙatar ita ce na Omdurman ya fita ta wata ƙasa, to a gidan ɗan'uwa da ke Yamai ko Kano ko Riyad ya kamata sabar ta zauna. Wanda ya kafa ta a Omdurman yana fatan ta gyara masa kiran WhatsApp ya ɗaura ɗamara ne a inda ba a kokawa.

Akwai kuma abin da babu VPN ɗin da ke maganinsa. An katse intanet na wayoyin hannu daga 3 ga Yuni zuwa 9 ga Yulin 2019, an sake katsewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 har fiye da makonni uku, sannan a Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, lamarin da ya tsayar da hada-hadar kuɗi ta manhajar Bankak wadda dubban gidaje suka dogara da ita. Bututu yana buƙatar layin da zai bi. In babu layi, babu bututu.

Gida cikin gida

Kowace na'ura da ke intanet tana buƙatar adireshi, jerin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 yana da adireshi kimanin biliyan 4 da miliyan 300 kacal, kuma babban rumbun rabon su na duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Dabarar da aka yi ita ce a bai wa gida adireshi ɗaya na waje, na'urorin cikin gida kuma su riƙa amfani da lambobin cikin gida waɗanda duniya ba ta san da su ba. Rauta ce ke zaune a zaure tana wannan aiki. Idan waya ta aika saƙo waje, rauta na rubuta sunanta, amsa na dawowa ta miƙa mata. Idan kuwa baƙo ya yi sallama daga waje ba tare da wani na ciki ya kira shi ba, rauta ba ta san wurin wa ya zo ba, sai ta yi watsi da shi. Sabar VPN kuma aikinta ke nan, jiran baƙo daga waje. Shi ya sa dole a bar wa rauta umarni a rubuce: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza, a kai shi ɗaki kaza.

To a gidaje da yawa zaure biyu ne. Mutum na da rauta mai sim da aka ajiye kusa da taga ko a saman bene saboda sabis, ya jawo waya daga jikinta zuwa wata rautar a tsakar gida don waifai ya isa ɗakuna. Ko kuwa maƙwabci ne ke da layi, gidaje uku ko huɗu suka jona suna haɗa kuɗi, kowa da rautarsa. Irin wannan jone-jone ya yawaita lokacin yaƙi, musamman inda na'urar Starlink ɗaya ke ɗaukar layi guda na unguwa, har ana sayar da sabis ɗinta da awa. A irin wannan hali umarnin da aka bar wa rautar ciki ba shi da amfani, domin baƙon bai ma wuce zauren farko ba.

Binciken minti biyar

Ana gane halin da ake ciki ba tare da sayen komai ba. A shiga shafin saitin rauta ta hanyar rubuta adireshinta a burauza. Rautocin Huawei masu sim galibi 192.168.8.1 ne, na TP-Link kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1; takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar tana nuna shi tare da kalmar sirri. A nemi wurin da aka rubuta WAN, a kwafe lambar da ke wurin. Sannan a buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje, irin su ifconfig.me, da wayar da ke kan waifai ɗin gidan, a gwada lambobin biyu.

Idan sun zo ɗaya, an dace, rautar tana fuskantar duniya kai tsaye. Idan lambar WAN ta fara da 192.168, ko da 10, ko tana tsakanin 172.16 da 172.31, lambar cikin gida ce, wato akwai wata rauta a gaba. Sai a je wurin waccan a maimaita binciken. A nan ne ake samun labari mai daɗi ko maras daɗi. In lambar WAN ta rautar waje ta yi daidai da ta shafin, zaure biyu ne kawai, kuma duka suna hannun mutanen gida ko maƙwabci. In kuwa ta fara da wata lamba tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10 alhali babu sauran wata na'ura a gaba, to zaure na gaba na kamfanin sadarwa ne. Wannan shi ake kira CGNAT: kamfani ya tara abokan cinikinsa masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Haka layukan sim na talakawa suke a kusan ko'ina a duniya, haka ma Starlink ke yi wa masu tsarin gida. Babu saitin da mutum zai taɓa a ɗakinsa ya buɗe wannan ƙofa.

Idan zaurukan biyu na gida ne

Wannan shi ne mai sauƙin, ko da yake a nan aka fi yin ƙananan kurakurai masu cin kwanaki. A ɗauka rautar waje tana 192.168.8.1, ta bai wa rautar ciki lamba 192.168.8.100. Rautar ciki kuma ta buɗe nata gidan da 192.168.0.1, ta bai wa sabar 192.168.0.50. Matakin farko shi ne a kafe waɗannan lambobi biyu don kada su canja idan wuta ta ɗauke ta dawo. Kusan kowace rauta na da wurin keɓe wa na'ura lamba ta dindindin a ƙarƙashin sashen DHCP.

Manhajar da ta fi dacewa da ƙaramar na'ura ita ce WireGuard, wadda Jason Donenfeld ya rubuta, aka kuma shigar da ita cikin tushen Linux a Maris na 2020. An saba ba ta ƙofa mai lamba 51820, nau'in UDP. OpenVPN, wadda ta girme ta da shekaru da yawa, an saba ba ta 1194. Sashen da za a nema a rauta sunansa ya bambanta: wasu na'urori sun rubuta "Port Forwarding", wasu "Virtual Server", masu Faransanci kuma "redirection de ports". A rautar ciki a rubuta cewa UDP 51820 ya tafi ga 192.168.0.50. A rautar waje a rubuta cewa UDP 51820 ya tafi ga 192.168.8.100, wato ga rautar ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta lambar sabar a rautar waje. Rautar waje ba ta taɓa jin labarin sabar ba, 'yar'uwarta rauta kaɗai ta sani. Kuskure na biyu shi ne barin zaɓi a kan TCP, wanda WireGuard ba ta amfani da shi ko kaɗan.

Ana iya rushe zaure ɗaya a huta. Idan aka mayar da rautar ciki mai rarraba waifai kawai, abin da na'urori ke kira yanayin AP, duk gidan ya koma ƙarƙashin rautar waje, umarni ɗaya ya isa. Ko a jona sabar da waya kai tsaye a jikin rautar waje. Wasu na amfani da zaɓin DMZ a rautar waje su tura duk baƙi ga rautar ciki. Yana aiki, amma fa an buɗe wa rautar ciki dukkan ƙofofi ke nan, dole a tabbata tana da kalmar sirri mai ƙarfi kuma ba a shiga saitinta daga waje. Idan rautar waje ta maƙwabci ce, maganar ta wuce ta fasaha. Duk abin da ya fita ta bututun da sunan layinsa zai fita, don haka haƙƙinsa ne a gaya masa gaskiyar abin da ake son yi kafin a taɓa saitinsa.

Sauran abu guda: adireshin waje na yawancin layukan gida yana canjawa. Ana magance wannan da sabis ɗin DDNS, irin su DuckDNS ko No-IP, waɗanda ke ba gida suna tsayayye su riƙa bin lambar duk inda ta koma. Ya fi kyau manhajar sabuntawar ta zauna a kan sabar ko rautar waje, domin wasu rautocin ciki na aika lambar cikin gida da suke gani a WAN ɗinsu, sunan ya riƙa nuna wurin da babu shi.

Wajen gwaji ma ana ruɗewa. Wanda ya gwada haɗuwa alhali wayarsa na kan waifai ɗin gidan na iya ganin abin ya ƙi, saboda rautoci da yawa ba sa barin na ciki ya fita ya dawo ta ƙofar waje. A kashe waifai, a gwada da datar waya. Shafukan da ke duba ko ƙofa a buɗe take su ma za su ce a rufe take, domin WireGuard ba ta amsa sallamar wanda ba shi da makulli. Abin dubawa shi ne layin da ke nuna lokacin musabaha ta ƙarshe a cikin manhajar. In an yi musabaha amma kyamara ba ta buɗewa, a duba ko lambobin gidajen biyu sun yi karo: gidan Jidda na 192.168.1 kuma gidan Omdurman na 192.168.1, sai waya ta rasa wanne ake nufi. Canja na gidan sabar zuwa lambar da ba a cika amfani da ita ba, misali 192.168.77, yana kashe wannan rigima. In kuwa wasu shafuka na buɗewa wasu na maƙalewa, rage ƙimar MTU daga 1420 zuwa 1280 kan taimaka a layukan sim.

Idan zauren na kamfani ne

Wannan shi ne halin da duk mai rauta mai sim ya kamata ya sa ran samun kansa a ciki, a Omdurman ne ko a Maraɗi. Ana iya tambayar kamfani ko yana sayar da adireshi tsayayye na waje. Galibi ga ofisoshi da 'yan kasuwa ake ba da shi, da ƙarin kuɗi. In bai samu ba, sai a juya lissafin. Tun da rauta ba ta hana na ciki fita, na'urar gidan ce za ta riƙa kiran wani wuri a waje ta riƙe layin a buɗe, ɗan'uwan da ke nesa shi ma ya kira wurin, su haɗu a can.

Hanya mafi sauƙi ita ce manhajoji irin su Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, da ZeroTier. Ana sa su a na'urorin biyu, sabar kamfanin ta gabatar da su ga juna, su yi ƙoƙarin haɗuwa kai tsaye ta cikin zaurukan. In hakan ya gagara, saƙonnin na bi ta sabar kamfanin a rufe, amma saurin na raguwa. Babu ƙofar da za a buɗe, babu DDNS, kuma ana iya umartar na'urar gida ta zama mafita zuwa intanet ko mashiga zuwa sauran na'urorin gidan. Farashinsa shi ne an dawo da kamfani tsakani, abin da tun farko aka so a kauce masa. Wanda bai yarda da haka ba zai iya hayar ƙaramar saba a wata cibiyar bayanai a ƙasar waje, ya sa mata WireGuard, gidan Omdurman da wayar Jidda duka su jona da ita. A saitin na'urar gida a sa ta riƙa aika ɗan saƙo kowane daƙiƙa 25, don kada rautocin da ke hanya su manta da layin su rufe shi. Biyan kuɗin hayar na buƙatar katin banki da ke aiki a waje, saboda haka wannan nauyi kan faɗa wa ɗan'uwan da ke ƙetare. Masu Starlink na da ƙarin hanya ta sabon tsarin IPv6, wanda ba ya fama da ƙarancin adireshi, amma sai layin ɗaya gefen ma yana da shi, kuma layukan sim da yawa a yankin ba su kai nan ba tukuna.

Wuta, zafi da agogo

Bidiyoyin koyarwa an yi su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A watan Mayun 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashoshin lantarki na Omdurman sun jefa jihar Khartum cikin duhu, kafin nan ma an kai irin su kan madatsar Merowe da ke ba ƙasar kaso mai yawa na wutarta. Sabar da ke bayan rauta biyu na'ura uku ke nan da dole su kasance a kunne tare. Ɗaya ta mutu, duka sun mutu. Abin sauƙin shi ne ba sa cin wuta. Raspberry Pi na cin watt kaɗan, rautoci ma haka, ƙaramin batir na rauta mai volt 12 ko ɗan faifan sola kan riƙe su na sa'o'i. Tsohuwar laftof ma saba ce mai kyau tun da batirinta na jikinta. Wasu rautocin, irin na GL.iNet da na MikroTik masu RouterOS 7, suna da WireGuard a cikinsu, an rage na'ura ɗaya ke nan.

Ɗaukewar wuta babu shiri na lalata katin ajiya na Raspberry Pi, don haka a ajiye kwafinsa. Akwai kuma wata 'yar matsala da ke wahalar ganowa. Raspberry Pi 4 da na gabaninsa ba su da agogo mai batir, in suka tashi bayan wuta ta daɗe a ɗauke suna iya tashi da tsohon lokaci. WireGuard na sa lokaci a cikin musabaharta, ɗaya gefen kuma na ƙin karɓar wadda ta zo da lokacin baya, har sai na'urar ta gyara agogonta daga intanet. Zafin Khartum da ke haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni shi ma ba ya ƙyale na'urar da aka kulle a akwati kusa da rufin kwano.

Sai maganar data. Duk bidiyon da na nesa ya kalla ta mafitar gida, layin gidan ya sauke shi sannan ya sake aika shi, wato an ci data sau biyu, kuma saurin ba zai wuce ƙarfin aikawa na layin gidan ba, wanda ya saba zama ƙasa da na saukewa. Ga mai son kyamara da kwamfutar shago kawai, gara a saita bututun ya ɗauki lambobin gidan kaɗai, sauran harkoki su bi layin da mutum yake kai.

Abin da bututu ba ya ɓoyewa

VPN na rufe abin da ke cikin saƙo, amma kamfanin sadarwa na ganin cewa akwai bututu da kuma inda ya nufa. A Masar, inda Sudanawa masu yawa ke gudun hijira, masu amfani da intanet sun daɗe suna kokawa da toshe irin waɗannan bututai, saboda haka saitin da ya yi aiki daga Njamena na iya ƙin aiki daga Alƙahira. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, taƙaita kiran WhatsApp a Sudan kuma umarnin hukuma ne. An sha ba da rahoton binciken wayoyin mutane a shingayen hanya tun farkon yaƙin, kuma manhajar da mai bincike bai gane ba na iya jawo tambayoyi. Wannan ya sa ya dace kowace waya ta samu makullinta daban. In an sace ɗaya ko an ƙwace ta, sai a goge makullinta a sabar, sauran su ci gaba. Kada a tura makulli a zauren WhatsApp na dangi. WireGuard na iya mayar da shi hoton QR da mutum ɗaya zai ɗauka da wayarsa. Tsohon tsarin PPTP da har yanzu ke cikin wasu rautoci an daɗe da karya tsaronsa, kuma buɗe wa kyamara ƙofa kai tsaye zuwa intanet ya fi komai haɗari, domin akwai manhajojin da ba su da aiki sai laluben irin waɗannan ƙofofi dare da rana.

Wanda ya kafa sabar yawanci ba shi ne zai zauna da ita ba, wata tafiyar na jiransa. Kafin ya bar gidan, ya zare wutar na'urorin uku gaba ɗaya, ya jira minti goma, ya mayar, ya fita bakin titi ya gwada haɗuwa da datar wayarsa ba tare da ya taɓa komai ba. In ta haɗu, sai ya rubuta a takarda wace waya ke shiga wane rami da kuma na'urar da ake fara kunnawa, ya manna a bango kusa da rautar, da Larabci ko ajami ko boko, duk wanda mai tsaron gidan ya fi iya karantawa.